Yawu a Kan Tiyon Likita

Shekara ashirin da shida Dosu yana faci a bakin titin Akpakpa, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke kallon gada, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa bai wa taya iska ba sai ya liƙe hujin da ke jikinta. Shi ya sa ranar da matarsa Ablawa ta dawo daga kasuwar Dantokpa ta ce masa an buɗe wani asibiti inda ake warkar da haƙori da iska, sai da ya ajiye guduma ya dube ta sama da ƙasa.

"Da me kika ce?"

"Da iska. Ozon sunanta. Babu allura, babu wannan injin mai kuka. Minti ɗaya an gama."

"To ai ga iska nan," ya nuna injinsa da haɓa. "Kawo bakin naki in gwada. Ke tawa ce, kyauta zan yi miki."

'Yan zemijan biyu, wato 'yan acaɓa, da ke zaune kan benci cikin rigunansu masu ruwan ɗorawa, suna jiran a gama da baburansu, suka tuntsire da dariya. Ablawa ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Yi ta yi, Papa Fifame. Kai kana ba'a, 'yarka tana can riƙe da kumatu."

Nan dariyar ta mutu a bakinsa.

Fifame ita ce 'yarsu ta fari, shekarunta goma sha ɗaya. Turmin haƙorinta na ƙasa, ɓangaren hagu, ya yi kogo. Ba irin haƙorin yarinta ba ne da zai faɗi wani ya tsiro. In wannan ya tafi, ya tafi ke nan. Kowa a gidan ya san inda kogon ya samo asali. Ablawa tana yin konkada, alewar gyaɗa, tana kai wa kasuwa, kuma duk gutsuren da ya karye a tire cikin Fifame yake ƙarewa. An daɗe ana faɗa a kan wannan, ba wanda ya ci nasara sai alewar.

Makonni biyu kafin wannan rana sun kai ta wurin Madam Ahuansu, wata tsohuwar likitar haƙori da ke aiki a wani ɗan ɗaki bayan coci, inda fanka ke juyawa kamar mai jin barci. Tsohuwar ta leƙa bakin ta ce ruɓewar ta yi zurfi, ta kusa jijiya, amma ba ta kai ba tukuna. Ta ce sai an kashe wurin da allura, a ƙwaƙule, a cike. Jin kalmar allura ke da wuya Fifame ta sulale daga kujera, ta bi ta ƙarƙashin hannun uwarta, ba a kama ta ba sai a bakin titi, takalmi ɗaya a ƙafa. Daga ranar ko unguwar aka ambata sai ta fara rawar jiki.

Shi kuwa Dosu yana da dalilinsa na tsoro wanda bai taɓa faɗa wa yaransa ba. Yana saurayi wani mai cire haƙori a bayan kasuwa ya zare masa turame huɗu da filaya, ɗaya bayan ɗaya cikin shekara uku, a kan wani akwati, mutane na kallo. Daga baya biyu suka bi su. Tun daga lokacin bai sake gaisawa da gasasshiyar masara ba. Akasa, tuwon masara mai laushi, yake ci da miya, ƙulikuli kuwa sai an jiƙa masa cikin garin rogo ya yi laushi. Yara sun ɗauka babansu ba ya son nama ne kawai. Ranar da aka haifi Fifame ya yi wa kansa alkawari babu mai sa ƙarfe a bakinta ya cire komai. Saboda haka, duk da ba'ar da ya yi, washegari ya rufe rumfa ya bi su asibitin iska.

Asibitin na kan bene. A ƙofa an kafa wani ƙaton allo mai hoton Baturiya tana murmushi da haƙoran da Dosu ya tabbata sun fi na ɗan Adam yawa. Ciki sanyi kamar firij ɗin kifi, kujeru farare tas, bango cike da takardun shaida cikin gilashi, an rataye su can sama inda mutum ba zai iya karanta sunan da ke jiki ba. Matar da ke karɓar baƙi, mai farata kamar na shaho, ta kalli wandon Dosu mai tabon baƙin mai, ta kalli kujerun, sannan ta ce masa cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, akwai benci a baranda, iska ma ta fi kaɗawa a can.

Ya fita barandar. Daga nan yake hango masu jira ta taga. Wani wari ne ya cika wurin, mai kaifi, mai kama maƙogwaro, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin likita sai ya ƙaru. Wata hamshaƙiyar mata mai zobe a kowane yatsa ta lumshe ido tana shaƙarsa har cikin ƙirji, ta ce wa ta kusa da ita, "Kin ji ko? Ƙamshin ma kaɗai magani ne." Ta kusa da itan ta gyaɗa kai tana tari.

Dosu ya san warin nan. Shi ne ke tashi daga rumfar maƙwabcinsa mai walda duk lokacin da ƙarfe ya yi tartsatsi. Shekara da shekaru yana shaƙarsa ba da son ransa ba, bai ga haƙori ko ɗaya ya tsiro masa ba.

Likitan ya fito rakiyar su Ablawa da kansa. Dokta Romarik ake ce masa, matashi ne mai farin takalmi da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Ya dafa kan Fifame ya ce, "Jaruma! Ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Dosu ya miƙe. "Dokta, ni ne uban. An cike ramin?"

"Wane rami?"

"Na haƙorin."

Dokta Romarik ya yi murmushin da ake yi wa wanda ya zo birni jiya. "Papa, wancan aikin mutanen da ne. Iskar tana kashe ƙwayoyin cutar, haƙorin ya gyara kansa. Zuwa shida za ta yi, duk Talata."

"Ramin yana buɗe?"

"Me kake yi, Papa? Wace sana'a?"

"Faci."

"Ah to." Ya juya ga Ablawa kamar an gama magana. "Madam, sai Talata."

A hanya Fifame sai tsalle take, tana ba da labari: ɗan bututu kawai aka ɗora mata a haƙori, ko zafi babu. Ablawa ta kalli mijinta a kaikaice ta ce, "Yaya, shugaban masu iska na Kwatano? Ka ga abin da karatu ke yi?" Dosu ya dubi 'yarsa. Yarinyar tana dariya, rabonta da dariya an kwana biyu, shi kuma ba shi da takardar da zai rataya a bango.

Talata ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Fifame na dawowa daga asibitin da tari da jan ido, ciwon kuma yana nan. Da can sai ta ci zaƙi yake motsawa. Yanzu ko ruwan randa ta kurɓa sai ta daskare, hawaye na zuba ba kuka. Ta koma tauna a gefe ɗaya. Ranar da Dosu ya ga yadda take karkatar da kai tana tura akasa ɓangaren dama da harshe, sai ya ajiye nasa kwanon ya fita waje, domin ya san wannan karkatar da kan. Tasa ce.

Ablawa ta ce likita ya ce alamar maganin na aiki ke nan, ƙwayoyin cutar ne ke shure-shuren mutuwa.

"Sati uku suna mutuwa? Wace irin mutuwa ce wannan, ta 'yan wasan kwaikwayo?"

"Kai dai ba ka son abin da ba ka gane ba."

"Talata mai zuwa ni zan shiga."

Ranar ya yi wanka da sabulun wanki har sau biyu, ya sa rigar atamfar da aka ɗinka musu lokacin jana'izar surukinsa. Mai faratan ta buɗe baki za ta ambaci baranda, ya wuce ta kamar bai ga mutum ba.

Ɗakin likitan ya fi wurin jiran wari. Fifame ta hau kujera. A gefenta akwai wani farin akwati mai fitilu, daga jikinsa tiyo ya fito ya zagaya bayan kujerar, ya ƙare a wani ɗan bututu da ke hannun Dokta Romarik. Likitan ya ɗora bututun a haƙorin, ya taka wani abu da farin takalminsa, akwatin ya fara gurnani. Da ɗaya hannun yana duba wayarsa.

Dosu ya karkata kunne.

Ƙarƙashin gurnanin injin, ƙarƙashin hucin na'urar sanyi, akwai wata 'yar ƙara siririya, sss, wadda duk Kwatano ba mutum goma da za su ji ta. Shi kuwa da ita yake ciyar da gidansa. Yana iya jin ta a tsakiyar titi, manyan motoci na wucewa. Ya bi ta a hankali, ya zagaya bayan kujerar, ya tsuguna.

Daga akwatin tiyon ya fito fari garau, mai sheƙi. Amma bayan kamar taƙi biyu an yanke shi, an yi masa jone da baƙin tiyo na roba, irin wanda ake sa wa babur ya kai mai cikin inji, an ɗaure bakin da waya. An tura wannan ɓangaren bayan kujera inda ido ba ya kaiwa. Baƙar robar ta yi tsaga-tsaga tun daga farko har ƙarshe, kamar gefen tayar da ta shekara biyar a rana.

Bai yi shawara da kansa ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba yi sau hamsin a yini a kan bawul ɗin taya. Ya lashi yatsa, ya tara yawu, ya shafa a kan tsagar.

Yawun ya kumbura ya yi ƙwai, ya fashe. Wani ya taso, ya fashe. Ya shafa a gaba, nan ma kumfa. Ya ƙara gaba, kumfa.

"Kai! Kai! Me kake yi?" Dokta Romarik ya saki wayar. "Yawu? A kan na'urata? Ka san daga inda aka kawo ta?"

"Akwatin ban sani ba. Wannan dai daga Dantokpa aka kawo shi, layin 'yan kayan babur. In ka matsa mini zan faɗa maka rumfar." Dosu ya miƙe yana goge yatsa a rigar jana'iza. "Maman Fifame, zo ki ga abin da karatu ke yi."

Ablawa ta zo ta leƙa. Kumfar na ta tashi abinta.

"Ɗan gyara ne na wucin gadi," in ji likitan. "Wanda aka yi odarsa yana hanya. Ba ya hana komai."

"Ba ya hana komai? Ba ni bututun." Kafin a ba shi ya zare shi daga hannun mutumin, ya shafa yawu a bakinsa, ya ɗaga sama kowa ya gani. Yawun ya zauna daram, ko motsi. "Sati huɗu kana ɗora wa 'yata busasshen bututu a baki, iskar kuma kana raba wa mutanen da ke jira a waje. Shi ya sa duk wanda ya fito daga nan yake tari. Ni in na mayar wa ɗan zemijan taya a haka, da hular kwanonsa zai fasa mini kai, kuma ya yi daidai."

"Papa, kada ka ɗaga murya, akwai marasa lafiya."

"Ai su nake so su ji. Kuma ko da iskar taka ta isa, wa ya taɓa gaya maka ana hura wa rami iska a bar shi buɗe? Yarinyar ba za ta ci abinci ba ne? Fifame, sauko."

A wurin jira mai zobban nan tana zaune, yau ma ta lumshe ido. Dosu ya tsaya gabanta ya ce, "Tanti, in ƙamshin ne ya kawo ki, ki zo Akpakpa kusa da gada, maƙwabcina mai walda zai ba ki har ki ƙoshi." Ya ja hannun 'yarsa suka sauka.

Ablawa ta bi su har suka tsallaka titi. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Amma dai yawu, Papa Fifame. Gaban mutane."

"Da me kike so in gwada, da turare?"

Daɗin nasarar bai kai shi ko'ina ba. Kafin su isa inda ake tsayar da babura ya gama hucewa, abin da ya rage masa lissafin kwanaki ne: sati biyu kafin asibitin iska, sati huɗu a cikinsa. Sati shida ke nan da tsohuwar ta ce ruɓewar ta kusa jijiya. Kuma shi, mai kunnen da yake taƙama da shi, Talata uku ya yi zaune a baranda kamar buhun gawayi saboda wata mai farata ta kalli wandonsa.

Da Fifame ta gane wurin Madam Ahuansu suka nufa sai ta toge. "Papa, ba can ba. Don Allah ba can ba. Ya daina ciwo, wallahi ya daina."

Ya ja ta gefe, jikin wata katanga, ya durƙusa har fuskarsa ta yi daidai da tata. Ya buɗe baki iyakar buɗewa, ya sa yatsa ya ja kumatunsa. "Leƙa."

Ta leƙa. Ta daɗe tana kallon dasashin da babu komai a kansa, hagu da dama, sama da ƙasa.

"Ina suke?"

"Na ji tsoron allura. Na yi ta jira har suka wuce gyara, aka cire su da filaya irin tawa ta rumfa. Kina tsammani ba na son nama ne? Ranar bikin Tonton ɗinki, kawun nan naki, ina kallon ku kuna cin naman rago, ni ina shan romo kamar jinjiri." Ya rufe bakin. "Kin sha ganina ina faci. Me nake fara yi?"

"Kana karce wurin."

"In ban karce ba?"

"Facin ba ya kamawa."

"To shi ke nan abin da za ta yi. Allurar kuma don kada ki ji karcewar ne."

Madam Ahuansu ta dube su ta saman tabarau. "Ah, mai gudun nan ce. Yau da takalma biyu kika zo?" Ta saurari labarin ɗan'uwan sana'arta, ta yi tsaki ɗaya, dogo. Fifame ta ƙanƙame babban yatsan ubanta lokacin allurar har sai da farcensa ya yi fari, amma ba ta sauka ba. Tsohuwar ta yi ta ƙwaƙule ramin, da inji kaɗan, sauran da wani ɗan cokali mai kamar na kunne. Da ta yi nisa sai ta dakata.

"Tsakanina da jijiyar bai fi ɓawon albasa ba. In na ƙara zan huda. Nan zan tsaya." Ta miƙa hannu ta janye wani ƙyalle daga kan tebur. Ƙarƙashinsa farin akwati ne mai tiyo.

Dosu ya miƙe tsaye. "Madam, ke ma?"

"Ni ma. Zauna, ko kuwa zo ka duba, tunda kai ne sufeto. Amma ka wanke hannu, kuma yawunka ya zauna a bakinka."

Ya bi tiyon da yatsa daga farko har ƙarshe. Fari ne duka, babu jone.

"Iskar nan tana cin baƙar roba," in ji ta. "Shi ya sa ake yi mata nata tiyon. Kuma dubi wannan ɗan ƙoƙon: in bai kama haƙorin ya rufe ruf ba, injin ba ya sakin komai, domin ba abin shaƙa ba ce." Ta kifa ƙoƙon, injin ya yi ƙara ya tsaya. Ta gyara zamansa, ya kama. "Abin da ya rage a wannan ɗan ɓawon da ba zan iya karcewa ba, shi nake so ta rage wa ƙarfi. Ragewa na ce, ban ce sihiri ba. Akwai abokan aikina da ke cewa ruwan magani ma yana yin haka, kuma ba na faɗa da su. Amma rami, hannu ne ke cike shi."

Dosu ya kasa kunne tsawon mintin nan. Babu sss. Babu wari. Ta cire ƙoƙon, ta shimfiɗa magani a ƙasan ramin, ta cike shi da wani farin ƙulli, ta danna. Ta ce su dawo bayan sati takwas. In jijiyar ta rayu za ta yi ciko na dindindin, in ta mutu kuma sai a yi wata maganar. Ta kuma aika wa tiren konkada saƙon da Ablawa ta karɓa kai a sunkuye.

Sati takwas ɗin nan Dosu bai bar yarinyar ta huta ba. Kowace safiya sai ya juya fuskarta ya gwada kumatun hagu da na dama. Ciwon ya lafa tun satin farko, amma wannan bai kwantar masa da hankali ba, domin ya tuna nasa ma sai da suka yi shiru kafin su kumbura.

Ranar komawa Madam Ahuansu ta fesa wani abu a ɗan auduga har ya yi fari da sanyi, ta kama shi da hantsaki. "In kin ji wani abu ki ɗaga hannu." Ta ɗora a kan haƙorin.

Ɗaya. Biyu. Dosu ya zuba wa hannun 'yarsa ido.

"Wayyo!" Fifame ta zabura, ta kusa ture hantsakin. "Sanyi! Ya shiga har kaina!"

"Yanzu fa?" Tsohuwar ta ɗauke audugar.

Yarinyar ta taɓa wurin da harshe. "Ya tafi."

"To yana da rai. Matacce ba ya jin sanyi, mai ciwo kuma ba ya saki da wuri haka. Buɗe, mu gama aikinmu."

Dosu ya fashe da dariya, baki buɗe, duk dasashin a waje, bai ko tuna ya kare da hannu ba. Fifame ta harare shi daga kan kujera, hawaye a ido.

"Papa, ina jin zafi kana dariya?"

"Ina yi," ya ce. "Madam, don Allah ƙara sa mata sau ɗaya, ban ji da kyau ba."